Zanen Albaniya Daga Bangon Coci Zuwa Babban Gidan Zane na Tirana

Babban gidan adana zane-zane na ƙasar Albaniya yana tsakiyar birnin Tirana, a bakin Titin Shahidan Ƙasa, tafiyar 'yan mintoci kaɗan daga dandalin Skanderbeg. An buɗe shi ranar 11 ga Janairu 1954, ya zauna a wasu gine-gine na wucin gadi, sannan ya tare a mazauninsa na dindindin ranar 29 ga Nuwamba 1974, ranar da gwamnatin lokacin take bikin cika shekara talatin da korar sojojin mamaya. Yana riƙe da ayyuka sama da 4,000, na fenti da na sassaƙa da na alƙalami. Wanda ya bi ayyukan bi da bi, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, zai lura da cewa a mafi yawan tarihin ƙasar mai zane bai cika zaɓar abin da zai zana ba. Da fari coci ce take ba da aiki, daga baya masu fafutukar kishin ƙasa, daga baya kuma jam'iyya. Inda hannun mai zanen kansa yake fitowa fili shi ne wajen launi, kuma a kan launi ne aka fi yabon wasu, a kansa aka ɗaure wasu.

Tarihin ya girmi gidan da ɗaruruwan shekaru. Albaniya tana gaɓar yammacin yankin Balkan, tana fuskantar Italiya ta ƙetaren teku, kuma tun zamanin da Kiristanci ya rabu biyu ƙasar ta faɗo a kan iyaka. Arewa ta bi Roma, kudu ta bi Kustantiniya. Bayan rasuwar Skanderbeg a 1468, wanda ya shafe shekara ashirin da biyar yana tare sojojin Turkawa daga sansaninsa na Kruja, ƙasar ta shiga hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ta kuma zauna a ciki har 1912. A tsawon wannan lokaci mafi yawan jama'a sun musulunta, amma coci-cocin kudu ba su daina aiki ba, kuma a jikin bangonsu ne zanen Albaniya ya fara samun sunan da ake tunawa da shi.

Wannan suna shi ne Onufri, limamin coci kuma mai zane, wanda ya yi aiki a tsakiyar ƙarni na 16. An san shi ta rubuce-rubucen da ya bari a jikin bangon da ya zana: a Kastoriya da ke Girka ta yau a 1547, da ƙauyukan tsaunin Shpat kusa da Elbasan a wajajen 1554, da kuma Berat. Sana'ar da ya gada tana da ƙa'idoji masu tsauri. Ana gyara allon katako, a shafe shi da farin alli da danƙo, a manna ganyen zinariya, sannan a kwaɓa garin launi da gwaiduwar ƙwai. A bango kuwa ana zanawa ne tun shafen yana ɗanye, don launin ya shige cikinsa. Yadda kowane waliyyi zai tsaya, da irin tufarsa, da inda zai sa hannu, duk an riga an tsara tun zamanin Rumawan Gabas, kuma mai zane ba shi da hurumin sauyawa. A cikin wannan ƙuncin Onufri ya sami wurin numfashi. Fuskokinsa suna da damuwa da tausayi irin na mutane, gine-ginen da ke bayansu suna da zurfi irin wanda masu zanen Italiya suka fara yi, sannan ga wani ja mai haske da ke karkata zuwa ruwan hoda, wanda har yau ake kira jan Onufri. Shekara kusan ɗari biyar ke nan bai dushe ba. Ɗansa Nikolla ya gaji sana'ar, kuma ayyukansu suna cikin gidan tarihin da aka buɗe da sunan Onufri a 1986, a cikin tsohuwar babbar cocin da ke ganuwar Berat.

Ƙarni na 18 ya kawo wani bunƙasar a kudu maso gabas. Garin Voskopoja, wanda yanzu ƙauye ne a kan tsauni kusa da Korca, a lokacin babbar cibiyar fatauci ce mai makaranta da maɗaba'a da coci-coci masu yawa. Attajiransa suka riƙa gasar gina wuraren ibada da ƙawata su. David Selenica ya zana cocin Waliyyi Nikolas ta garin a shekarun 1720, ya kuma shigo da kayan gida na yau da kullum da fuskokin da suka yi kama da na mutanen da yake gani a kasuwa. 'Yan'uwa biyu, Kostandin da Athanas Zografi, sun zana gidan ibada na Ardenica a 1744. Kostandin Shpataraku ya shahara da ƙananan hotuna masu cike da daki-daki. An kai wa Voskopoja farmaki a 1769, aka sake a 1788, daga nan bai ƙara farfaɗowa ba, amma bangayen da suka tsira suna nan.

Musulmin Albaniya ma sun yi zanen bango, kuma littattafai ba su cika ba shi haƙƙinsa ba. Masallacin Et'hem Bey da ke dandalin Skanderbeg, wanda Molla Bey ya fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 18 ɗansa Haji Et'hem Bey ya kammala a wajajen 1820, cike yake ciki da waje da zanen itatuwa da furanni da gadoji da magangarar ruwa da birane masu hasumiya. Babu mutum ko dabba a ciki, domin masu zanen sun kiyaye abin da shari'a ta hana a masallaci, amma sun zana ƙasa da sarari da gine-gine da wata irin walwala da ba a saba gani a masallatan wasu ƙasashe ba. Haka abin yake a Masallacin Gwauraye na Berat, na shekarun 1820, wanda samarin da ke yi wa 'yan kasuwa aiki suke salla a ciki. Idan ana neman farkon zanen shimfiɗar ƙasa a Albaniya, a waɗannan bangaye ya kamata a fara dubawa.

Zanen da ba na ibada ba ya fara ne a Shkodra, babban birnin arewa, kuma kyamara ce ta share masa hanya. Pietro Marubi, ɗan Italiya wanda ya gudo daga ƙasarsa saboda siyasa, ya zauna a Shkodra a shekarun 1850 ya buɗe shagon ɗaukar hoto. Shagon ya wuce hannun Kel Marubi, sannan Gegë Marubi, zuri'a uku suna ɗaukar sarakunan tsauni da 'yan kasuwa da amare da mabarata da sojoji. Gilasan hotunan da suka bari su ne tushen gidan tarihin hoto na Marubi da aka buɗe a sabon gini a 2016. A wannan shago ne wani yaro mai suna Kolë Idromeno, haifaffen 1860, ya koyi kallon fuskar mutum. Ya je Venis ya yi ɗan karatu na 'yan watanni, ya dawo gida, kuma a 1883, yana da shekara 23, ya zana 'yar'uwarsa Tone.

Wannan hoto, wanda ake kira Motra Tone, shi ne abin da gidan zane na Tirana ya fi alfahari da shi. Budurwa ce cikin kayan matan Katolika na Shkodra, da ado na zare a ƙirji, ta kama gefen mayafinta da hannu kamar za ta rufe fuska amma ba ta rufe ba, tana duban mai kallonta kai tsaye. Ba waliyya ba ce, ba matar sarki ba ce, ba kuma wani attajiri ya biya aka zana ta ba. Mace ce ta gari wadda ɗan'uwanta ya ga ta cancanci a zana, kuma wannan sabon abu ne a ƙasar. Idromeno bai tsaya nan ba. Ya yi aikin zayyanar gine-gine, ya tsara rufin babbar cocin Shkodra, ya buɗe nasa shagon hoto, ya nuna fim a garin a 1912, a 1924 kuma ya zana bikin aure irin na Shkodra da ayarin rakiyar amarya. Ya rasu a 1939.

Zamaninsa shi ne na farkawar kishin ƙasa, wanda ya ɗauki zafi bayan taron Prizren na 1878 ya kai ga shelar 'yancin kai a Vlora ranar 28 ga Nuwamba 1912. Al'ummar da ta rabu tsakanin Musulmi da Katolika da Otodoks tana bukatar fuska guda da kowa zai yarda da ita, sai aka samu ta Skanderbeg. Spiro Xega na Korca, wanda ya koyi zane da kansa, ya yi ta maimaita shi a kan doki da takobi, ya kuma zana 'yan tawayen tsauni na zamaninsa. Aikinsa ba shi da gogewar makaranta, amma yana da zafin mutumin da ya yarda da abin da yake zanawa. Vangjush Mio, shi ma ɗan Korca, haifaffen 1891, ya ɗauki wata hanya dabam. Ya yi karatu a Bukares da Roma, ya dawo ya duƙufa a kan titunan garinsu, da dusar ƙanƙara a kan rufi, da itatuwan kaka, da hasken tafkin Ohrid, yana bin yadda rana take sauya launin abu daga safe zuwa yamma. Har yau shi ne ake ɗauka uban zanen shimfiɗar ƙasa a Albaniya. Daga Korca kuma aka samu Androniqi Zengo, 'yar wani mai zanen coci, wadda ta yi karatu a Atina, ake kuma lissafa ta mace ta farko da ta riƙi zane a matsayin sana'a a ƙasar.

A zamanin Sarki Zog, wanda ya naɗa kansa a 1928, aka fara kafa harsashin hukuma. An yi baje kolin zane na ƙasa na farko a Tirana a 1931, aka kafa ƙungiyar masoya fasaha, aka buɗe makarantar koyon zane wadda Andrea Kushi ya yi wa hidima. Gwamnati ta tura matasa karatu waje, yawanci Italiya. Odhise Paskali ya koyi sassaƙa a Turin, Abdurrahim Buza ya yi karatu a Turin da Florens, Sadik Kaceli ya tafi Paris. Ibrahim Kodra ya tafi Milan a ƙarshen shekarun 1930 ya zauna can, ya yi suna da mutanensa masu kusurwa-kusurwa kamar an gina su da tubali. Wannan zamani bai yi tsawo ba. Italiya ta mamaye ƙasar ranar 7 ga Afrilu 1939, Jamus ta biyo baya a 1943, kuma a Nuwamba 1944 mayaƙan sunƙuru na 'yan gurguzu ƙarƙashin Enver Hoxha suka karɓi mulki.

Shekara arba'in da shida da suka biyo baya su ne suka cika mafi yawan ɗakunan gidan zanen. Gwamnatin gurguzu ta ɗauki zane da muhimmancin da babu wata gwamnati kafinta da ta ba shi, kuma adalci ne a faɗi haka. Ta buɗe makarantar fasaha ta Jordan Misja a 1946, ta kafa babbar cibiyar koyar da fasaha a shekarun 1960, ta tura ɗalibai Leningrad da sauran biranen ƙasashen gurguzu, ta ba masu zane albashi da ɗakin aiki da fenti da yadi. 'Ya'yan manoma da ba su taɓa ganin buroshi ba suka zama ƙwararru. Farashin kuwa shi ne salo guda tilo, wanda aka aro daga Tarayyar Sobiyet: a zana rayuwa yadda jam'iyya ta ce za ta kasance, a kuma zana ta yadda kowa zai gane ba tare da bayani ba. Mai zane dole ya kasance cikin Ƙungiyar Marubuta da Masu Fasaha. Babu shagon sayar da zane, babu mai saye sai gwamnati. Kafin kowane babban biki ana fitar da jerin batutuwa, a kai zayyanar farko gaban kwamiti, a yi mata gyara, wani lokaci a tura mai zanen masana'anta ko gonar haɗin gwiwa ya zauna da ma'aikata don ya san abin da yake zanawa.

Abin da ya fito daga wannan tsari shi ne manyan alluna na mayaƙan sunƙuru, da ma'aikatan ƙarfe, da 'yan mata masu gina layin dogo, da manoma riƙe da diga a hannu ɗaya bindiga a ɗaya. Kowa lafiyayye ne, kowa yana duban gaba. Sali Shijaku ya zana Vojo Kushi a 1969, matashin da aka kashe a Tirana a 1942, ƙirji a buɗe yana hawa tankar yaƙin Italiya da gurneti a hannu. Fatmir Haxhiu, wanda shi kansa ya yi yaƙin, ya zana fagagen fama masu ɗaruruwan mutane. Guri Madhi ya zana Hoxha yana ƙalubalantar shugabannin Sobiyet a taron Mosko na 1960. Masu sassaƙa uku, Kristaq Rama da Muntaz Dhrami da Shaban Hadëri, sun yi mutum-mutumin Uwa Albaniya da ke maƙabartar shahidai da kuma na tunawa da 'yancin kai a Vlora. Wanda ya kalli waɗannan ayyuka da idon sana'a ba zai raina su ba. Masu su sun san jikin mutum, sun san yadda ake tsara taro a cikin allo ba tare da ya rikice ba, kuma a gefen manyan ayyukan akwai ƙanana, kamar matan yankin Zadrima da Zef Shoshi ya riƙa zanawa, waɗanda natsuwarsu ta fi ƙarfin farfaganda. Ƙaryar tana cikin abin da aka hana su nunawa: layin burodi, sansanin aikin dole, iyalan da aka kora ƙauye. Idan kuma wani babba ya faɗi daga idon jam'iyya, kamar yadda ya faru da Firayim Minista Mehmet Shehu a 1981, sai a ɗauke hotunan da yake ciki ko a shafe fuskarsa daga cikinsu.

A 1967 gwamnati ta haramta addini baki ɗaya, ta rufe masallatai da coci-coci da zawiyoyi sama da 2,000. An rushe wasu, an mai da wasu rumbuna, babbar cocin Shkodra da Idromeno ya yi wa rufi ta zama zauren wasanni. An yi asarar zanen bango da ba za a iya ƙiyasta shi ba. Abin da ya tsira ya tsira ne saboda wasu masana, irin su Theofan Popa, sun bi ƙauyuka suna tattara allunan, suna kafa hujja da cewa waɗannan aikin hannun al'umma ne kuma dukiyar ƙasa. Da wannan hujja aka bar masallacin Et'hem Bey a tsaye a rufe, da ita kuma aka buɗe gidan tarihin fasahar zamanin da a Korca a 1980, wanda yanzu yake riƙe da kayayyaki kimanin 7,000, yawancinsu hotunan ibada na katako.

Farkon shekarun 1970 ya zo da ɗan sassauci. Matasan masu zane da suka ga hotunan aikin Turawan Yamma a tsofaffin littattafai da mujallun da ake wucewa da su hannu da hannu suka fara gwada ƙarfinsu. Ba su sauya batu ba, sun sauya launi da motsi ne kawai. Edison Gjergo ya zana mayaƙan sunƙuru a 1971 sun kewaye wani tsohon mawaƙi da kayan kiɗansa kafin ketowar alfijir, komai ya nutse cikin shuɗi, fuskokin suna da tunani da ɗan baƙin ciki. Edi Hila, haifaffen Shkodra a 1944, an ba shi aikin zana matasa suna dashen itatuwa. Ya zana su a 1972 cikin shuɗi da kore da rawaya masu rawa, itatuwa suna lanƙwasa, jikin samari da 'yan mata yana bin iska kamar ana kiɗa. Babu wani abu na adawa a cikin hoton. Murna ce tsantsa, sai dai murnar ba irin wadda aka tsara ba ce.

Sassaucin ya ƙare bayan bikin waƙa na gidan rediyo da talabijin na Disamba 1972, wanda shugabanni suka ce ya kwaikwayi Yamma. A babban taron kwamitin tsakiya na jam'iyya a Yuni 1973 Hoxha ya yi tir da abin da ya kira tasirin waje, aka tsige shugaban gidan rediyo da talabijin Todi Lubonja da marubucin wasan kwaikwayo Fadil Paçrami, daga baya aka ɗaure su. Guguwar ta bi ta kan masu zane. Aka ce launukan Hila ba na gaskiya ba ne, aka tura shi gyaran hali a wata masana'antar kiwon kaji yana dakon buhuna, inda ya riƙa zana abokan aikinsa a ɓoye. Gjergo aka kama shi, ya yi shekaru a kurkuku, ya rasu a 1989 bai ga faɗuwar gwamnatin ba. Maks Velo, mai zayyanar gine-gine kuma mai zane, an kama shi a 1978 aka yanke masa shekara goma, aka kai shi Spaç inda fursunoni suke haƙar ma'adinai, kotu ta sa aka ƙone ayyukansa da yawa. Hotunan Gjergo da Hila sun shafe shekaru a ma'ajiya fuska ga bango. Bayan 1991 aka fito da su aka rataye a cikin gidan zanen, kusa da ayyukan da aka yaba a lokacin da su aka la'ance su, kuma wannan maƙwabtaka ta fi kowane rubutun bayani koyar da mai kallo.

Babban aiki na ƙarshe na wancan zamani yana waje, a goshin gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a 1981. Hoto ne da aka haɗa da ƙananan duwatsu masu launi, aikin mutum biyar da suka haɗa da Vilson Kilica da Josif Droboniku, yana nuna Albaniyawa tun daga mayaƙan zamanin da har zuwa 'yan gurguzu, da mace a tsakiya riƙe da bindiga. Bayan sauyin mulki an cire tauraron gurguzu daga tutar da ke ciki, sauran kuwa aka bar shi, har aka yi masa gyara a 'yan shekarun nan.

Hoxha ya mutu a 1985. A Janairu 1991 dubban mutane suka shiga masallacin Et'hem Bey suka yi salla ba tare da izini ba, 'yan sanda ba su hana ba. Ranar 20 ga Fabrairu aka tumɓuke mutum-mutumin Hoxha a dandalin Skanderbeg. Na Lenin da Stalin an ja su an jingine a bayan gidan zanen, inda suka daɗe suna tsaye. Ga masu zane 'yancin ya zo tare da yunwa, domin mai saye guda da suke da shi ya ɓace, babu kuma wanda ya maye gurbinsa. Jama'a suka yi ta ficewa, a Agusta 1991 jirgin ruwa guda mai suna Vlora ya sauke mutum kusan 20,000 a Bari ta Italiya. A 1997 kamfanonin adashen yaudara da suka cinye ajiyar mutane suka rushe, ƙasar ta faɗa cikin tarzoma.

Matasan da suka fito daga makarantar fasaha a wannan lokaci, da yawansu ɗaliban Edi Hila ne wanda aka mai da shi malami, sun ga cewa buroshi ya yi wa jam'iyya hidima da yawa, sai suka ɗauki kyamarar bidiyo. Anri Sala, haifaffen 1974, ya tsinci wani tsohon fim a gida wanda ke nuna mahaifiyarsa tana budurwa tana jawabi a taron matasan gurguzu, amma sautin ya ɓace. Ya kai fim ɗin makarantar kurame, masu karanta leɓe suka fitar masa da kalmomin, ya kawo wa mahaifiyar. Ta karanta ta ƙi yarda cewa ita ta faɗi waɗannan maganganu. Wannan aiki na 1998, mai suna Intervista, shi ya fitar da shi duniya. Ya ci kyautar matashin mai fasaha a baje kolin Venis na 2001, a 2013 kuma Faransa ta zaɓe shi ya wakilce ta a can. Adrian Paci, ɗan Shkodra haifaffen 1969, ya koma Milan a 1997. Aikinsa na farko da ya yi suna bidiyon 'yarsa ƙarama ce tana ba da tatsuniyar zakara da saniya, sai ga sojoji da harbe-harbe sun shigo cikin labarin. Daga baya ya ɗauki hoton kansa yana goye da rufin gida a baya, a 2007 kuma ya yi bidiyon baƙin haure sun hau matakalar jirgin sama sun cika ta maƙil, kyamara ta ja baya, sai a ga babu jirgi. Hila kansa bai bar fenti ba. Launukan da aka hukunta shi a kansu ya ajiye su da kansa, ya koma toka-toka da ruwan ƙasa, yana zana gidajen da aka fara ba a gama ba a gefen hanya, da manyan titunan da babu kowa. An nuna aikinsa a baje kolin documenta na 2017, yana da shekara 73.

Launi ya koma titi ta hannun wani mai zanen. Edi Rama, ɗan mai sassaƙa Kristaq Rama, ya koyar a makarantar fasaha, ya zama ministan al'adu a 1998, ya zama magajin garin Tirana a 2000. Birnin da ya tarar ya cika da benaye masu launin siminti da gine-ginen da aka yi ba izini. Ya sa aka shafe fuskokin benayen da lemo da kore da shuɗi da ja, a yanka-yanka da ratsi-ratsi, yana cewa mutumin da ya ga titinsa ya yi kyau zai fara jin cewa nasa ne. Sala ya yi fim a kan aikin a 2003. Wasu mazauna sun ce abin ya dawo musu da sha'awar garinsu, wasu sun ce fenti ne a kan bangon da ruwa da wuta ba sa isa bayansa. Rama ya zama firayim minista a 2013, ya buɗe wurin baje koli a cikin ofishinsa a 2015, yana kuma ci gaba da nuna zanensa a ƙasashen waje. Masu suka a cikin 'yan fasahar ƙasar suna ganin haɗarin da ke cikin wannan kusanci na fasaha da mulki, a ƙasar da ta riga ta ɗanɗana shi, kuma muryarsu ta ƙara ƙarfi bayan rushe tsohon gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Mayu 2020, wanda 'yan wasa da masu fasaha suka shafe sama da shekara biyu suna karewa.

Gidan zanen ya yi ƙoƙarin bin zamani. Daga farkon shekarun 1990 ya riƙa shirya gasar shekara-shekara da sunan Onufri, a 2001 kuma ya karɓi baje kolin ƙasa da ƙasa na Tirana na farko, wanda Edi Muka da Gëzim Qëndro suke cikin masu shirya shi. A 2016 aka kafa a gabansa wata rumfa ta siraran fararen ƙarafa da ake kira Gajimare, aikin Sou Fujimoto na Japan, wadda aka fara nunawa a Landan a 2013, ta zama wurin zaman matasa da kallon fim. A baje kolin Venis ƙasar ta gabatar da aikin mata masu zane: a 2022 an nuna aikin Lumturi Blloshmi, wadda ta rasu a 2020, a 2024 kuma na Iva Lulashi, wadda aka haifa a Tirana take zaune a Milan, kuma da fentin mai take aiki. Kasuwar zane a cikin gida har yanzu ƙarama ce, shi ya sa sanannun masu fasahar ƙasar da yawa suke zaune a Italiya da Jamus da Faransa, ko da yake Paci ya buɗe wani gidan fasaha a unguwarsu ta Shkodra a 2015 inda ake koyar da matasa. A farkon shekarun 2020 an rufe ginin 1974 domin gyara da faɗaɗawa, aka kwashe ayyukan zuwa ma'ajiya, aka riƙa fitar da wasu lokaci-lokaci a wasu zauruka. Hotunan ibada kuwa suna Berat da Korca, gilasan Marubi suna Shkodra, zanen masallacin Et'hem Bey kuma yana jikin bangonsa a dandalin Skanderbeg, inda ake shiga kallo a tsakanin lokutan salla.